Zoɓon Inna a Saman Bene

Shanu aka ce mini zan je in kula da su. Ejan ɗin da ya yi mini hanya a Kano har bidiyo ya nuna mini a wayarsa, wasu manyan shanu masu baƙi da fari suna tsaye a ƙarƙashin fanka. Ya ce, "Kai da ka tashi a bayan saniya, ai wannan wasa ne a wurinka." Ni kuwa mutumin Garo ne ta ƙasar Kabo. Kakannina makiyaya ne, mahaifina ne ya ajiye sanda ya ɗauki allo, ya koyar a Islamiyya har Allah ya karɓi ransa. Na san saniya, na san gona. Ejan ne ban sani ba.

Da muka sauka a ƙasar Larabawan, wani mai ƙaramar bas ya karɓe mana fasfo tun a filin jirgi, ya zuba a leda kamar ya sayi tumatir. Muka kama hanya. Birni ya ƙare, aka shiga yashi da baƙaƙen duwatsu, ko tsuntsu ba ka gani. Da tafiya ta yi nisa na tattaro ɗan Larabcina na Islamiyya na tambayi direba ina gonar shanun take. Ya yi dariya har da tari. Tun daga nan na san an yaudare ni.

Can sai ga gari ya ɓullo a tsakiyar sahara. Abin da na fara gani ya kusa sa ni kuka: fili fetal, ciyawa kore shar, ana ta fesa mata ruwa, kuma babu ko akuya ɗaya a ciki. Wasu tsofaffin Turawa ne kawai da gajeren wando suna bugun wata 'yar farar ƙwallo da sanda. Ciyawar da a wurinmu za a kai ƙara gaban mai gari a kanta cikin bazara, ita ce a nan ake takawa don wasa. Garin gaba ɗayansa otal-otal ne. Babu kasuwa irin tamu, babu gona, babu wanda aka haifa a ciki. An gina shi ne don masu kuɗi su zo su sha rana, su koma ƙasashensu su ba da labari.

Aikina ya zama wankin tukwane a kicin ɗin wani otal, can ƙarƙashin ƙasa. Kwana kuma a wasu ɗakunan kwano da aka ɓoye a bayan dutse don kada baƙi su gan mu. Na yi fushi, na yi zage-zage a zuci, na kira lambar ejan har na gaji. Amma fasfo yana ofis, hanyar gida kuma ba ta tafiyar ƙafa ba ce. Na haƙura na kama soso.

Wanda ya riƙe ni a wannan lokacin shi ne Baba Usman, wani dattijon kuku ɗan Sudan. Ran da ya ji ina gunaguni ni kaɗai a gaban tukunya, sai ya tsaya a kaina ya ce, "Yaro, kai Bahaushe ne?" Na kusa sakin tukunyar. Kakanninsa ne suka taso daga ƙasar Hausa za su aikin hajji a ƙafa suka tsaya a hanya, Hausarsa irin ta tsofaffi, rabi Larabci. Shi yake ajiye mini ƙanzon shinkafa, shi ya nuna mini lungun da ake shimfiɗa kwali a yi salla. In kewar gida ta taso mini har na kasa cin abinci, sai ya zo ya zauna kusa da ni.

Wata rana ya aike ni sito, na ga buhun busasshen zoɓo a jingine. Ƙamshin kawai na ji, sai ga ni a tsakar gidanmu. Mahaifiyata, Inna, da zoɓo ta rene mu bayan rasuwar Malam, mahaifina. A ƙofar Islamiyya take ajiye kula, in kuwa ana biki har daga Gwarzo ake aiko mata. Ni ne mai daka mata citta da kanumfari tun ina ƙarami, don haka hannunta yana hannuna. Na roƙi Baba Usman ya bar ni in dafa kaɗan. Na sa citta, kanumfari, masoro da ɓawon abarba. Sannan na ciro ƙullin kanwa da kimba da Inna ta sa mini a jaka saboda ciwon ciki, na jefa ɗan ƙanƙani yadda take yi don kashe tsami. Ya huce, na zuba ƙanƙara.

Ina cikin sha sai ga Marko ya sauko. Marko ɗan ƙasar Filifin ne, ma'aikacin saman bene, kullum cikin farar riga fes, kullum yana zuwa ɗibar lemon tsami da na'ana'a da abarba. A ɗaukata mai haɗa wa baƙi lemo ne. Ya tsaya yana kallon jan abin da ke hannuna. A gidanmu ba a sha mutum yana kallo, don haka na ce masa bismillah, na cika masa kofi.

Ya kurɓa, ya rufe ido, ya sake kurɓa. Da ɗan Turancin da muke lallaɓawa ya tambaye ni wa ya koya mini.

Na ce, "Inna."

"Wace ce Inna?"

"Mahaifiyata."

Ya dafa ƙirji, ya maimaita sunan a hankali kamar yana haddacewa. Ya ce shi ma ya daɗe rabonsa da ganin tasa uwar. Washegari ya dawo ya ce in dafa masa bokiti guda, baƙi za su so. Kafin wani lokaci bokiti ya zama biyu, aka rage mini wankin tukwane, dafa zoɓo ya zama rabin aikina. Wani ɗan Nepal ne yake hawa da shi sama bayan la'asar.

Kada a ce ban san ana sayar da giya a otal ɗin ba. Na sani, ni ba yaro ba ne. Amma a sanina giya a kwalba take, mai shanta kuma lungu yake nema ya ɓuya. Ban taɓa ji ba, ko a hira, wai mutum ya ɗauke ta ya zuba a zoɓo. Zoɓo abin shan yara da mata ne, abin buɗa baki ne da azumi. Ko a mafarki ban haɗa su ba.

Da na gaya wa Inna a waya cewa Turawa suna layi a kan zoɓonta, sai da ta rangaɗa guɗa.

Ta ce, "Kai Sale, da gaske? Da kanumfarin da komai suke sha?"

"Da komai, Inna. Bokiti biyu kullum, ba ya kwana."

"Ikon Allah. To, saurara. Ka ce garin rana ce da shi kamar wuta ko? Shayar da mai ƙishi a irin wannan wuri ba ƙaramin lada ba ne, ko ba Musulmi ba ne. Kullum in za ka ɗora tukunya, ka yi niyyar ladan ya kai ga Malam."

Haka nake yi. Kullum sai na yi bismillah, na yi wa mahaifina addu'a, sannan in kunna wuta. Ita kuwa Inna ba ta bar kowa ba a Garo. Mata har tsokanarta suke yi, suna ce mata mai zoɓon Turawa, tana jin daɗi. A duk zamana a garin nan, lokacin ne na fi samun kwanciyar rai.

Ran da ɗan Nepal ɗin ya kwanta da zazzaɓi, aka ce in hau da bokitin da kaina. Ban taɓa wuce hawa na farko ba. Lif ya buɗe, na fito, na tsaya kamar an dasa ni.

Rana tana shirin faɗuwa, duwatsu sun yi ja. Saman benen ya cika maƙil. Wasu bututu suna fesa ruwa a iska kamar hazo don kawai a ji sanyi. Ga tafki a kan rufin gida, mutane zaune a cikin ruwa har ƙugu, kowa da kofi a hannu. Tufafin da ke jikin matan, in an haɗa na mutum biyar ba zai yi wa Inna ɗankwali ba. Na sunkuyar da kai, amma ƙasan ma madubi ne. Na ɗaga ido can nesa, sai na ga ashe kowane otal da nasa salon. A wani sun kafa bukka irin ta makiyaya, da tabarmi da ƙorai a rataye, attajirai suna biyan kuɗi don su zauna a ƙasa. A wani sun hura wuta a cikin manyan kwanoni, a garin da mutum yake neman inuwa. A wani kuma an ɗaure raƙumi da ado a ƙofa, ana ɗaukar hoto da shi. Daga baya na ji sunan wannan lokaci a wurinsu, wai sa'ar farin ciki. Daga la'asar sakaliya zuwa bayan magariba ana karya farashin abin sha, kowa ya fito ya kalli faɗuwar rana. Lokacin da a gida ake kora yara cikin ɗaki, ana ɗaure awaki, maza suna alwala, shi ne nasu lokacin shewa.

Ina tsaye da bokiti, sai na ji an kira mahaifiyata.

Wani ƙaton Bature ne, jajir da shi, ya ɗaga yatsu biyu yana cewa, "Inna! Inna biyu!" Wata daga cikin ruwa ta amsa da nata. Na waiga. A bayan kantar Marko akwai baƙin allo, an rubuta INNA da manyan haruffa, an zana jan fure a gefe. Marko ya ɗebi zoɓona a wani gwangwanin ƙarfe, ya ɗauko doguwar kwalba ya tsiyaya a kai, ya ƙara daga wata, ya girgiza yana rawa, ya juye a kofi mai dogon wuya. Warin ya iso inda nake. Ba sai an gaya mini ba.

Wallahi ban san lokacin da na ajiye bokitin ba. Can daga ɗakunanmu na bayan dutse aka fara kiran sallar magariba, siriri, kiɗa yana danne shi. Abin da ya zo mini a rai shi ne duk safiyoyin da na yi bismillah na ce ladan ya kai ga Malam.

Marko ya hango ni, fuskarsa ta washe. Ya nuna ni yana gaya wa mutane ga ɗan Inna nan. Aka hau tafi. Wata ta taso da waya za ta ɗauke ni hoto. Na kauce, na je na riƙe hannun Marko, na ce, "Me ka zuba?"

Ya faɗi sunan abin.

"Giya ce?"

"I mana. Ba ka sani ba?"

Na ce masa mahaifiyata matar malami ce, ko warin wannan abu ba ta taɓa ji ba. Na ce ya goge sunan yanzu. Murmushinsa ya ɓace. Ya ce shi girmama ta ya yi, a ƙasarsu in ka sa wa abu mai kyau sunan uwar abokinka, ka yi masa babbar karamci. Na kalle shi, na ga da gaskiyarsa yake faɗa, kuma wannan ya fi komai ɓata mini rai, don na rasa wanda zan zaga. Ya ɗauki jiƙaƙƙen tsumma ya goge allon a gabana. Washegari aka sake rubutawa.

Mai rubutawar ita ce Madam, Baturiyar da ke shugabancin wurin, doguwa, mai magana a hankali da murmushi ko tana korar mutum. Ta kira ni ofis, ta ba ni kujera. Ta ce sunan ya riga ya shiga takardun abin sha, ya shiga intanet, baƙi daga wasu otal suna tahowa takanas dominsa. Ta ce za ta fitar da ni daga wanki gaba ɗaya, a ɗinka mini farar riga. Na ce na gode, amma hannuna ya bar dafa zoɓo a gidan nan. Ta yi murmushi ta ce to. Kashegari aka mai da ni sharar yashi a bakin titi, har da tsakar rana.

Marko ya ci gaba da dafawa da kansa, tunda ya ga citta da kanumfari da sauransu. Amma bai taɓa ganin ƙullin kanwa ba, don a aljihuna yake. Nasa ya riƙa fitowa da tsami mai kama haƙori, in ya ƙara sukari kuma ya zama kamar maganin tari. Baƙi suka fara dawo da kofi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai dai sunan yana nan a allo, kuma in iska ta juyo da yamma ina shara, har ƙasa nake jin ana kiransa.

Madam ta sake kirana. Wannan karon ba ta yi kewaye ba. Ta ce ta gane akwai abin da nake sawa wanda Marko bai sani ba. In na tsaya a kicin sau ɗaya na koya masa daga farko har ƙarshe, za ta cire sunan daga allo da takardu da ko'ina, ta sa wani. In na ƙi, sunan yana nan.

Na fito daga ofishin. Gaba kura, baya siyaki. In na koya musu, na wanke sunan Inna, amma da sanina na gyara musu abin da za su yi ta sayarwa har bayan raina. In na ƙi, mashaya za su ci gaba da kiran uwata kowace magariba. Na sami Baba Usman yana yanka albasa, na zayyana masa.

Ya ci gaba da yanka, ya ce, "Na san abin da kake jefawa. Mu ma muna da ita a Sudan. Madam ta tambaye ni, na ce ban sani ba. Bakina ƙanin ƙafata."

Na ce, "Baba, kai ka san abin da suke yi da zoɓon tun farko?"

"Na yi zato. Amma na ga ka fara cin abinci, ka fara dariya, sai na kasa. Ka yafe mini." Ya share ido da bayan hannu, ya ce albasa ce. "Ni ba malami ba ne, ba zan yi maka fatawa ba. Amma sunan nan ba naka ba ne. Mai shi tana da rai, tana da waya."

Abin da nake gudu ke nan. Na yi ta jinkirta kiranta, yau da gobe, har ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na zauna a inuwar tankin ruwa na danna lambarta. Muka gaisa, ta tambayi aiki, ta tambayi zafi, ta ba ni labarin damina da wanda ya haihu da wanda ya rasu. Sannan ta ce, "Yaya mutanena, suna nan suna sha?"

Na gaya mata komai. Ban rage ba: kwalbar, allon, ƙaton Baturen da yatsunsa biyu, da abin da Madam ta ce. Ina jin kukan awaki a bayanta.

Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta maimaita. Muryarta ta canja, na san kuka take yi, kuma rabona da jin kukanta tun rasuwar Malam. "Yanzu duk garin nan na bi na gaya musu."

"Inna, ki yafe mini. Ni na ba shi ya sha."

"Da ka hana shi, da ba ni na haife ka ba. Bar wannan." Ta ja hanci. "Na Malam kuwa, Allah ya san abin da muka nufa. Yanzu ita matar cewa ta yi in ka koya musu za ta goge?"

"Haka ta ce. Sau ɗaya ne kawai, Inna. In yi, in tuba, sunanki ya fita."

"Sale."

"Na'am."

"Wancan ka yi ba ka sani ba. Wannan kuwa da idonka biyu za ka tsaya ka gyara musu giya, wai don ni? In an tambaye ka ranar gobe, ni za ka nuna?"

Na ce, "Inna, ba ki ji yadda suke kiransa ba. Ni nake ji kullum."

"Su kira. Ni ba na amsawa. Sunan ya yi mini ciwo, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ba suna na yi naƙuda a kansa ba. Bar musu shi, ka taho mini da hannunka yadda ka tafi da shi."

Ban koma ofishin Madam ba. Na ci gaba da sharar yashi har fatar wuyana ta saɓule, har suka gaji da ganina suka miƙo mini fasfo. Ran da zan tafi, Baba Usman ya rako ni bakin bas da ƙullin dabino. Marko ma ya zo, ya tsaya nesa kaɗan, ya ce in ba Inna haƙuri. Na ce za ta ji, kuma na isar.

Yanzu ina Garo, ina noma, ina da 'yan tumaki. Inna tana nan tana ajiye kularta a ƙofar Islamiyya. Mata sun ci gaba da ce mata mai zoɓon Turawa, don ba mu gaya wa kowa ba, ita kuma sai ta yi musu murmushi ta ci gaba da zuba wa yara. Marko yakan turo mini gaisuwa jefi-jefi. Na tambaye shi sau ɗaya ko an goge, ya ce a'a, ban sake tambaya ba. Rana tana riga faɗuwa a can kafin nan. Don haka kullum in na ga Inna ta ɗauki buta za ta yi alwalar la'asar, na san a can sun fara kiranta.